Babi na 6: Sauka a Babban Otal na Hutu, da Yadda Za Ku San Abin da Kuka Biya Kuɗinsa

Ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Wannan babi a kan babban otal na hutu ne, irin wanda a cikin harabarsa akwai ɗakunan kwana, wurin cin abinci, wurin ninƙaya, masu wanki da guga, ɗakin motsa jiki, wani lokaci har da wurin wasan yara. Mutum yana iya yin mako guda a ciki bai leƙa bakin ƙofa ba. Za mu bi shi daki-daki. Ku ɗora yatsa a kan layi, ku karanta a hankali, in kalma ta gagara ku sake ta. Ba wanda yake koranku.

Darasi na 1: Kafin a kama ɗaki

Otal kwana yake ƙirgawa, ba yini ba. Wanda ya shiga ranar Litinin ya fita ranar Alhamis ya kwana Litinin, ya kwana Talata, ya kwana Laraba. Kwana 3 ke nan. Alhamis ba ta cikin lissafi, tunda ba a nan zai kwana ba. Ku ƙirga da yatsunku yanzu: shiga Juma'a, fita Lahadi, kwana nawa? Kwana 2. In kun ce 3, kada ku damu, ku sake ƙirgawa, dare kawai za ku lissafa.

Bayan haka ku duba kuɗin da aka rubuta: na ɗakin ne gaba ɗaya, ko na kowane mutum ɗaya? Otal-otal na hutu da yawa kuɗin mutum ɗaya suke rubutawa. In ku biyu ne, sai ku ninka shi sau 2, sannan ku ninka da yawan kwanakin.

Sai maganar abinci. A takardar kama ɗaki za ku ga wasu manyan haruffa guda biyu-biyu. Ku kwafe su a littafinku, ku haddace.

RO: ɗaki kaɗai, babu abinci ko kaɗan.
BB: ɗaki da karin kumallo.
HB: ɗaki da abinci sau 2, yawanci karin kumallo da na dare.
FB: ɗaki da abinci sau 3, amma galibi abin sha a kan tebur kuɗinsa daban.
AI: ɗaki da abinci da abin sha, wato tsarin da ake cewa komai yana ciki.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ruɗar mutane, za mu dawo kansa a darasi na 3. A wasu wuraren masu tsarin AI ana ɗaura wa baƙi zare na roba a wuyan hannu don ma'aikata su gane su. Kada ku tsinke shi sai ranar tafiya.

Taurarin da ake sa wa otal daga 1 ne zuwa 5. Suna nuna yawan hidimar da ke wurin, amma kowace ƙasa da ma'auninta, don haka tauraro 4 a wata ƙasa ba lallai ya yi daidai da tauraro 4 a wata ba. Kada tauraro ya hana ku tambaya.

Abu na ƙarshe: in tafiya ta fasa, za a mayar da kuɗi? Ɗakin da ya fi araha sau da yawa shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa. Ku nemi a gaya muku ranar ƙarshe da za ku iya fasawa ba tare da asara ba, ku rubuta ta da babban baƙi.

Darasi na 2: Auna abubuwan jin daɗi

Takardar tallar otal takan jero abubuwa 20 ko fiye. Ido zai so dukansu, amma kuɗin kula da su duka yana cikin kuɗin ɗakinku, ko kun yi amfani da su ko ba ku yi ba. Saboda haka ku ɗauko takarda, ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ku sami gida 3. A gida na farko ku rubuta: Zan yi amfani da shi kullum. A na biyu: Wataƙila sau ɗaya. A na uku: Ba zan taɓa ba.

To, ku ɗauki abubuwan ɗaya bayan ɗaya, ku faɗa wa kanku gaskiya. Wanda bai iya ruwa ba, wurin ninƙaya guda 3 ba su ƙara masa komai ba. Mai tafiya da ƙananan yara, wurin wasan yara da kwamin ninƙaya marar zurfi su ne a gida na farko, kuma ya tambaya daga shekara nawa ake karɓar yaro, da ƙarfe nawa ake rufewa. Mai ciwon gwiwa ko dattijo, abin da ya fi masa amfani shi ne lif, da ɗakin da ke kusa da wurin cin abinci, domin wasu otal ɗin faɗinsu ya kai a yi tafiyar minti 10 daga ɗaki zuwa tebur. Mai son barci da wuri ya nemi ɗakin da ke nesa da dandalin da ake kiɗa da dare.

Abincin ma haka za ku auna shi. Mutum 2, kwana 4, tsarin FB: cin abinci sau 3 a rana, sau mutum 2, sau kwana 4, ci 24 ke nan. In kun san kullum da rana kuna waje kuna yawon buɗe ido, ci 8 sun tafi a banza, HB ya fi dacewa da ku. In kuwa otal ɗin a keɓe yake, babu wurin sayen abinci kusa, to FB ko AI ya fi, don ko ba ku so a nan za ku ci. A ganina, wanda gidansa na uku ya fi cika, ƙaramin otal mai tsabta ya ishe shi.

Darasi na 3: Tambayar da ba a tsallakewa

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe. Ga tambayar:

"Wannan yana cikin kuɗin da na biya, ko za a caje ni daban?"

Ku karanta ta da ƙarfi. Ku sake. Ku rubuta ta sau 3 a littafinku, sannan ku rubuta ta a ƙaramar takarda ku sa a aljihu.

Ga dalili. A irin wannan otal ba a cika karɓar kuɗi nan take ba. Ma'aikaci zai kawo abu, ya tambayi lambar ɗakinku, ya miƙo 'yar takarda ku sa hannu. Ba ku ciro ko sisi ba, sai ku ɗauka kyauta ne. Alhali wannan sa hannun bashi ne kuka ci, ana tara shi, ranar tafiya a haɗa muku gaba ɗaya. Duk inda aka tambayi lambar ɗaki, ku dakata, ku yi tambayar kafin biro ya taɓa takarda.

Mu gwada. Kun shiga ɗaki, ga ƙaramin firij a ƙarƙashin tebur, cike da ƙananan kwalabe da kayan ƙwalama. Me za ku yi? Ba buɗewa ku sha ba. Ku nemi takardar farashi da ke kusa da shi, in babu ku ɗaga wayar ɗaki ku kira teburin karɓar baƙi: "Sannu da aiki, Malama. Abin da ke cikin firij ɗin nan, yana cikin kuɗin da na biya, ko za a caje ni daban?" Wasu firij ɗin ma suna da na'urar da ke gane an ɗaga kwalba, sai ta shigar da kuɗin kai tsaye ko da kun mayar. Don haka ko ɗagawa don dubawa kada ku yi.

Ga kwalbar ruwa a kan tebur kusa da kofi. A wani otal kyauta ce, a wani ta kuɗi ce, kuma sukan rataya ƙaramin kati a wuyanta. Ku karanta katin. In bai karantu ba, tambayar dai: yana cikin kuɗin, ko daban?

Ga jakar wanki a cikin durowar kaya, da takarda mai jerin tufafi. Wanki a otal ɗai-ɗai ake lissafa shi, riga da kuɗinta, wando da nasa, kuma na gaggawa ya fi tsada. Tambaya.

Kuna so a kawo muku abinci ɗaki. Ko da abincinku yana cikin tsari, kawo shi har ɗaki sau da yawa yana da nasa cajin. Tambaya.

Yanzu ga masu AI. Sun ji an ce komai yana ciki, sai su saki jiki. A mafi yawan wurare tausa ba ta ciki, wanki ba ya ciki, kiran waya zuwa waje ba ya ciki, fita yawo da motar otal ba ya ciki, kuma wani ɗakin cin abinci na musamman da ke cikin harabar ana ƙara masa kuɗi. Wani lokaci ma tsarin yana da sa'o'insa, bayan an wuce lokacin sai a koma biya. Ranar da kuka iso ku roƙi a ba ku jerin abin da ke ciki a rubuce.

Na san abin da ke hana ku: kunya. Kuna tsoron kada a ce ba ku waye ba. Ma'aikacin nan yana amsa wannan tambaya kullum daga bakin waɗanda suka shekara suna yawon duniya, aikinsa ne, kuma matambayi ba ya ɓata. Abin da ke ba ni takaici shi ne a yi wannan darasi a aji, kowa ya maimaita da baki, amma da an zo gwaji aka miƙo takarda, sai hannu ya riga baki. Haba, ɗalibai! Kalma 13 ce fa, ba karatun likita ba. Wanda ya sa hannu bai tambaya ba, ba shi da bakin musu ranar biya, sa hannunsa ne a jiki. Ku rufe littafin, ku faɗi tambayar da ka. Wanda ya kasa ya koma farkon darasin, kada ya wuce.

Madalla da waɗanda suka kawo ta daidai. Mu ci gaba.

Darasi na 4: Isowa da shiga ɗaki

Yawanci ana ba da ɗaki daga ƙarfe 2 ko 3 na rana. In kun iso da wuri, za a iya ajiye muku kaya. A teburin karɓar baƙi za ku nuna fasfo ko katin shaida, ku cike fom. Otal da yawa suna riƙe kuɗin jingina a katin banki, su sake shi bayan kun tafi, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Ku tambayi nawa ne. Ku kuma tambaya ko akwai haraji ko wani caji na kowane dare da bai shiga kuɗin farko ba.

Lambar ɗaki tana nuna hawa. 312 yana nufin hawa na 3, ɗaki na 12. A cikin lif, G ko 0 shi ne ƙasa. Makullin kati ne: ku kanga shi a jikin ƙofa ko ku zura, koren haske ya kama, sannan ku murɗa. A ɗakuna da yawa akwai ramin kati a bango kusa da ƙofa, sai an zura katin wuta take kawowa. Na'urar sanyaya ɗaki kuma takan mutu in ƙofar baranda a buɗe take.

A bayan ƙofa akwai taswirar hanyar fita in gobara ta tashi. Ku fita ku ƙirga ƙofofi tsakanin ɗakinku da matakala. Ba a shiga lif lokacin gobara. Akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi da fasfo, ku gwada lambar sirrinku yana buɗe kafin ku sa komai a ciki. Shi ma a wasu wuraren na haya ne, kun san tambayar.

Darasi na 5: Wurin ninƙaya da bakin teku

Lambar da ke gefen kwami zurfin ruwa ce. 1.2m mita ɗaya ne da 'yan kai, 2m ya shanye kan mutum. Yaro ba ya shiga sai da babba a kusa, ko da akwai mai gadin ruwa. Jar tuta a bakin teku tana nufin kada a shiga. In an ba ku katin karɓar tawul, ku mayar da tawul ɗin ku karɓi katinku, in ya ɓata ana caji.

Darasi na 6: Ranar tafiya

Ana barin ɗaki da ƙarfe 11 ko 12 na rana, wuce haka yana iya jawo ƙarin kuɗi. Ku karɓi takardar lissafi tun daren jajibirin tafiya, ku bi ta layi-layi, abin da ba ku gane ba ku ce a nuna muku takardar da kuka sa wa hannu. Ku duba akwatin ƙarfe, ku mayar da kati, ku karɓi rasit.

Aikin gida: ku rubuta ma'anar HB da AI, sannan ku rubuta tambayar darasi na 3 sau 5 ba tare da kallon littafi ba.