Yadda ake zama cikin jirgin ruwa mai filafilai a tashar da ta cika da jirage

Na sha ganin mutum ya tattara komatsansa ya tare a jirgi da murna, kafin wata uku ya koma tudu. Kusan dukkansu sun iya tuƙi, kuma a cikin tasha abin ya gagare su, inda jirage ke cunkushe kowa na jin tarin maƙwabcinsa. Saboda haka zancen ɗaga filafilai da ƙulla igiya na bar maka shi, na ɗauka ka iya.

Fara da sanin inda za ka kwana. Hanya uku ce: ka kama gurbi a jikin gada, wato dandamalin tasha da ake ɗaure jirage, ka ɗaure, ka kama hayar turken da aka kafa a ƙarƙashin ruwa, ko ka jefa ankarka, wato ƙugiyar ƙarfen da ke kama ƙasan ruwa ta riƙe jirgi. Gurbin gada ya fi daɗi, akwai wuta da ruwa, amma da tsawon jirgi ake lissafa kuɗinsa, don haka kowace mita da ka ƙara wajen sayen jirgi za ka riƙa biyanta duk wata. Ni a wurina mita 10 zuwa 12 ta ishi mutum biyu. Kuma ka je ofishin tasha ka tambaya ko suna yarda a zauna cikin jirgi dindindin tun kafin ka biya ko sisi, domin tashoshi da yawa suna ƙayyade adadin masu zama, wasu ma ba sa yarda sam.

Yawancin sababbi a kan anka suke ƙarewa saboda ita ce mai sauƙin kuɗi, kuma nan ne ni ma na sha wuya. A watana na biyu na shigo tasha ruwa ya janye (ruwan teku kullum cika yake yi ya janye), na'ura ta nuna mini zurfin mita 4. Na ninka sau biyar kamar yadda ake yi don sanin tsawon sarƙar anka, na saki sarƙa mita 20, na kwanta. Wajen ƙarfe uku na dare ruwa ya cika, iska ta juya ta ƙaru, ankar ta tumɓuke. Ƙarar karo ce ta tashe ni, jirgina ya jingina a gaban na wani dattijo da matarsa, ya lanƙwasa musu ƙarfen baranda. Na biya gyara, amma na daɗe ina jin nauyin haɗa ido da su.

Kuskuren a lissafi yake. Ba zurfin lokacin da ka iso ake ninkawa ba. Ka ɗauki zurfin da ka gani, ka duba jadawalin cikar ruwa ka ƙara abin da ruwan zai hau, sannan ka ƙara tsayin goshin jirgi daga saman ruwa. A daren nan 4 ne, da 2 na cika, da 1 na goshi, mita 7 ke nan. Sau biyar, mita 35. Da mita 20 ɗin da na saki ko ninki uku ban kai ba, shi ya sa da ruwa ya hau sarƙar ta miƙe tana jan ankar sama maimakon ta ja ta a kwance. Anka tana riƙewa ne idan an ja ta a kwance. In igiya ce da kai ba sarƙa ba, ninka sau bakwai. Ka tuna kuma ruwa ya fi hawa da sauka a kwanakin sabon wata da na tsakiyarsa, lissafin makon jiya ba zai yi maka yau ba.

Sai zancen fili. Jirgi a kan anka kewayawa yake yi duk inda iska ta juya shi. Sarƙa mita 35 da jirgi mita 11, kana iya kaiwa kusan mita 46 ta kowace fuska daga inda ankar take. Kafin ka jefa, zagaya wurin a hankali sau ɗaya ko biyu, ka lura da inda sarƙar kowa ta nufa. Kada ka ji kunyar ɗaga murya ka tambayi maƙwabci, "Malam, mita nawa ka saki?" Ba wanda zai ji haushi. Ka nisanci jiragen da ke kan turke da masu gangar jiki biyu, juyawarsu ba ɗaya ba ce da taka. Wuri mafi kyau shi ne ka jefa ɗan nesa da bayan wani jirgi, iska ta tura ka baya. Wanda ya riga ka zuwa shi ke da wuri. In kuka matso juna da dare, kai za ka tashi, ba gardama.

Kada ka zubar da sarƙar tuli guda a kan ankar. Tsayar da jirgi yana fuskantar iska, sauke anka har ta taɓa ƙasa, ka riƙa sakin sarƙa yayin da jirgin ke ja da baya. In ka gama, sa inji a ribas, a hankali da farko, sannan ka ƙara wuta na kamar minti ɗaya. Ɗora hannu a kan sarƙar: in tana karkarwa tana tsalle, ankar na jan ƙasa ne, ɗago ka sake. Daidaita abu biyu a tudu, ɗaya a bayan ɗaya, ka ga ko suna rabuwa; in suna rabuwa, ankar ba ta riƙe ba. Yashi da laka mai ƙarfi suna riƙo, ciyawar ruwa yaudara ce. Ni ba na barin jirgi sai na ga ya juya sau ɗaya da canjin ruwa, wato wajen awa shida. Wasu na cewa ƙararrawar waya mai sanar da kai in jirgi ya gusa ta isa. Kunna ta, amma ka zauna.

Da dare ka kunna farar fitila mai haska kowane ɓangare, da rana ka rataya baƙar ƙwallo a gaba. Dokokin hana karo a teku na 1972 ne suka ce haka, kuma jiragen kamun kifi da ke fita da asuba ba za su gan ka ba in ba ita. Rediyon VHF, wanda jirage ke magana da juna da shi, ya zauna a lamba 16, ta kira ce da neman agaji, ba ta hira ba.

Ƙaramin kwalekwalenka shi ne ƙafarka. A wurin ɗaure ƙananan kwalekwale a tasha ka bar igiya mai tsawo don wani ya iya ture naka ya shiga, kada kuma ka ɗaga farfelar injin sama, tana huda na roba. Wuce jiragen mutane a hankali. Igiyoyin da ke dukan dogon sandan jirgi cikin iska ka janye su ka ɗaure nesa da shi, wannan ƙarar ta raba maƙwabta da yawa. Janareta kuma kada ya wuce farkon dare.

Sauran a gurguje. Batirin dalma kada ka bari ya sauka ƙasa da rabi, kuma firiji ne ke cinye yawancin wutarka, farantin sola biyu sun fi sabon janareta. Bayan gida ya tafi tankinsa a zuƙe a inda aka tanada, ba a sakin sa cikin tasha. Iskar gas ta girki ta fi iska nauyi, in ta tsiyaya ƙasan jirgi take taruwa, don haka rufe ta daga kan tukunyar gas ɗin duk lokacin da ka gama. Sayi na'urar gano hayaƙin inji mai kisa, wanda ba shi da wari. Raɓa za ta taru ƙarƙashin katifa ta kawo fumfuna, ɗaga katifar kullum ka bar taga biyu a buɗe iska ta ratsa. Duk lokacin da za ka kwana a tudu, rufe bawul ɗin bututun da ke huda gindin jirgi, gwada famfon kwashe ruwa, ka bar wa jirgin da ke kusa da kai lambar wayarka.