Naitiret Ya Hau Bayan Tashi Daga Gida: Kurakuran Masu Kiwon Murjani

Duk wanda ya koma sabon gida da tankinsa na ruwan gishiri da yake kiwon kifi da murjani (halittar teku mai rai) a ciki, ba a sati biyu sai ka ji shi hankali a tashe: naitiret (sinadarin da ke taruwa a ruwa daga dattin kifi) ya kai 50 ppm (kashi 50 cikin miliyan), murjani ya dafe. Kuma kullum kurakuran nan dai ne ake maimaitawa.

Babban laifin na tsohon yashin ƙasan tanki ne. Shekara da shekaru kashin kifi da ragowar abinci suna kwance a ƙarƙashinsa. Ka kwashe shi a bokiti, ya kwana ba iska, sannan ka juye shi cikin tanki don kana jin ƙyashin sayen sabo. Haba malam! Wannan dattin zai ruɓe ya zama amoniya, bakteriya su mai da shi naitirait, daga nan naitiret. Ni wannan rowar ta cinye min Acropora (wani murjani mai rassa) mafi kyau da na taɓa rainowa. Da na buɗe bokitin na ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma na zuba, kafin mako ya zagayo rassan sun koma fari fat. Yanzu sabon yashi nake saye, in ɗebi kofi guda daga saman tsohon in barbaɗa. In dole ne sai tsohon, a wanke shi har ruwan ya fito garau.

Na biyu gaggawa. Mutum ya ga lamba ta hau, sai ya kama antaya ruwan khal ko maganin kwalba don bakteriya su ƙaru su cinye naitiret. Ba tare da sikima (na'urar da ke fitar da datti cikin kumfa) mai aiki sosai ba, bakteriya za su yi yawa, ruwa ya yi hazo, kifi su taso sama suna haki. Wai kuma sifili ake nema! Murjani yana buƙatar naitiret kaɗan. Ni tsakanin 5 da 10 nake barin nawa, domin in ya ƙare ƙaf murjani koɗewa yake yi, wata gansakuka mai yauƙi ta mamaye yashi. Naitiret 50 ba ya kashe kifi a dare ɗaya, amoniya ce ke yi, ita za ka fara aunawa.

Canjin ruwa lissafi ne: ka canza kashi 20 cikin ɗari, 50 ta koma 40. Yi haka duk bayan kwana uku ko huɗu, ma'aunin gishiri ya nuna 1.025, ɗumi daidai da na tanki.

Kada ka haɗa gishiri da ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, sau da yawa da naitiret ɗinsa yake zuwa. Ruwan matatar RO/DI kawai, wato na'urar da ke tace sinadarai daga ruwa.

In akwai naitirait a ruwa, awon naitiret yakan nuna fiye da gaskiya. Mai amfani da kayan awon naitiret na kamfanin API ya girgiza kwalba ta biyu aƙalla daƙiƙa 30.

Rage abinci, wanke safar tacewa (jakar da ke tare datti) duk kwana uku, kuma kada sabon kifi ya shiga sai awo ya tsaya wuri ɗaya.