Yadda Ake Amfani da dx/dt da dv/dt Wajen Raba Gardamar Gudun Mota

Duk inda masu son mota suka haɗu, a gareji ko a bakin tasha, ba a rasa musun wace mota ta fi gudu. Wannan ya ce tasa, wancan ya rantse za a bar shi a baya ya sha ƙura. Sau da yawa dukansu suna da gaskiya. Ɗaya yana magana ne kan inda allura take kaiwa idan an ƙure maleji, ɗayan kuma kan yadda mota take zabura daga tsaye. Abubuwa biyu ne daban, kuma reshen lissafin da ake kira kalkulas ya ba kowanne alamarsa. Ga yadda ake karanta su da yadda ake aiki da su.

Mataki na 1: Raba harufa

Rubuta x a matsayin inda motar take a kan titi, da mita. Rubuta t a matsayin lokaci, da sakan. Gudu shi ne v, ƙaruwar gudu kuma a. Kafin ka ce uffan a cikin musu, tambayi abokin gardamarka: v kake nufi ko a? Rabin rigimar takan mutu a nan.

Mataki na 2: Karanta dx/dt

Harafin d yana nufin ɗan ƙanƙanin canji. Saboda haka dx ɗan tazarar da mota ta matsa ne, dt kuma ɗan lokacin da ta ɗauka. Idan aka rubuta v = dx/dt, ana cewa ne: raba wannan ɗan tazarar da wannan ɗan lokacin, ka yi ta ƙanƙanta lokacin har ya kusa zama babu. Abin da ka samu shi ne gudun motar a daidai wannan ƙiftawar ido, wato abin da allura take nunawa. Kada ka soke d na sama da na ƙasa. Ba lamba ba ce da aka ninka.

Wannan ya bambanta da matsakaicin gudu. Wanda ya yi kilomita 200 cikin awa biyu, matsakaicinsa 100 ne, ko da ya taɓa 140 a wani wuri, ya kuma tsaya cik a shingen bincike.

Gottfried Leibniz na Jamus ne ya fito da wannan salon rubutu, ya buga shi a 1684. Isaac Newton na Ingila ɗigo yake sa wa a kan harafi: ẋ gudu, ẍ ƙaruwar gudu. Za ka kuma ga x′ da x″, salon da ake dangantawa da masanin lissafi Lagrange. Duk abu ɗaya suke faɗa. Newton da Leibniz sun yi doguwar takaddama kan wanda ya fara gano kalkulas, har Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, ta fitar da rahoto a 1712 tana goyon bayan Newton, wanda shi ne shugabanta a lokacin. Ni dai na fi son salon Leibniz ga mai koyo, domin yana nuna maka ƙarara abin da ake rabawa da me.

Mataki na 3: Karanta dv/dt

Yanzu maimaita dabarar a kan gudun kansa. a = dv/dt yana nufin yadda gudu yake canzawa cikin ɗan lokaci. Tunda v ɗin ma daga x ya fito, ana rubuta shi d²x/dt², ma'ana an yi aikin sau biyu. Ƙaramar 2 ɗin nan ba ta cewa a ninka tazara da kanta.

Ka ɗauka ana zuba ruwa a randa: v shi ne inda ruwan ya kai, a kuma ƙarfin zubowarsa. Randa tana iya cika taf ba a zuba mata komai. Haka tirelar da ta miƙe a kan 100 ba ta ƙari ba ta ragi, v ɗinta babba ne amma a ɗinta sifili ne. Ɗan acaɓa da ya fizga daga danja kuwa, v ɗinsa kusan sifili ne amma a ɗinsa babba. Abin da yake manna bayanka da kujera idan an taka totur a ne, ba v ba. Shi ya sa fasinjan jirgin sama da ke tafiya kilomita 800 da wani abu a awa yake shan shayinsa ba ya zubewa.

Mataki na 4: Daidaita ma'auni

Nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Allura tana ba da kilomita a awa, lissafi yana son mita a sakan. Raba da 3.6. Kilomita 100 a awa ya zama mita 27.8 a sakan. Motar da ta kai 100 daga tsaye cikin sakan 10, matsakaicin a ɗinta 27.8 a raba da 10, wato 2.78 m/s². Karanta shi haka: kowane sakan ana ƙara mita 2.78 a sakan a kan gudun da take yi.

Don ka san girman lambar, dutsen da aka saki daga sama yana ƙara gudu da 9.8 m/s². Bugatti Veyron, wadda ke kaiwa 100 cikin kimanin sakan 2.5, tana yin kusan 11 m/s², ta fi faɗowar dutse.

Ka kuma duba inda lambar ta fito. Amurkawa suna auna sifili zuwa mil 60 a awa, wato kilomita 96.6, ba 100 ba. Mujallunsu na mota sukan fara ƙirga lokaci ne bayan motar ta matsa ƙafa ɗaya, al'adar da aka ɗauko daga filin tsere, kuma wannan yana rage kusan kashi biyu zuwa uku cikin goma na sakan. Sakan 1.99 da Tesla ta faɗa game da Model S Plaid da wannan ragin aka lissafa. Haɗa irin wannan lamba da ta Turai, wadda ake aunawa zuwa 100, kai tsaye zalunci ne ga ɗaya motar.

Mataki na 5: Kada ka yarda da matsakaici

Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, kuma a nan kalkulas yake nuna amfaninsa. Ga motoci biyu na misali, kowacce ta kai 100 cikin sakan 10.

Ta farko tana ƙara gudu daidai wa daida, 2.78 m/s² daga farko har ƙarshe. Matsakaicin gudunta rabin 27.8 ne, wato 13.9, a ninka da sakan 10: ta ci mita 139.

Ta biyu ta zabura da 4 m/s² a sakan biyar na farko, ta kai mita 20 a sakan (kilomita 72 a awa), ta ci mita 50. Daga nan ƙarfinta ya ragu, ta ɗauki sauran sakan biyar kafin ta tashi daga 20 zuwa 27.8. Matsakaicin wannan zangon 23.9 ne, a ninka da 5: mita 119.5. Jimilla mita 169.5.

Lokaci ɗaya, allura a wuri ɗaya, amma ta biyu tana gaba da mita 30, tsawon motoci shida ko bakwai. Wanda ya ce "ai takardunsu iri ɗaya ne" bai yi ƙarya ba, wanda ya gan su a titi ya ce ɗaya ta tsere shi ma bai yi ba. Wanda ya fara kaiwa wani gudu tambayar v ce, wanda ya fara isa wani wuri tambayar x ce. Dalilin ke nan masu tseren miƙaƙƙen titi suke auna rubu'in mil, mita 402, su rubuta lokaci da kuma gudun da aka ƙare da shi.

Idan kana so ka gwada da motarka, sami fili marar mutane, wani ya zauna a gefe ya ɗauki bidiyon allura da waya, kai idonka yana kan hanya. Daga baya ka rubuta gudun kowane sakan. Bambancin layi da layi, a raba da 3.6, shi ne kimanin dv/dt. Za ka ga lambar ta faɗi a duk inda aka canza giya. Allura kan ɗan ƙara a kan gudun gaskiya, don haka GPS na waya ya fi dacewa da gudun da ya daidaita.

Mataki na 6: Ƙarfin doki ko ƙarfin murɗawa?

Tsohon musu ne: wanne ya fi sa mota zabura, yawan dokin inji (horsepower) ko ƙarfin da yake murɗawa da shi (torque)? Dokar Newton ta ce F = ma, inda F yake nufin ƙarfin da ke tura mota, m kuma nauyinta. Ƙarfin inji kuma, wanda ake aunawa da doki ko wat, shi ne P = Fv. Haɗa su ka sami a = P/(mv). Doki ɗaya wat 746 ne. Mota mai doki 100, kusan wat 75,000, da nauyin kilo 1,200, iyakar a ɗinta a kan mita 15 a sakan 4.2 ne, a kan mita 30 kuma 2.1, tun ba a cire turjiyar iska da asarar giya ba. Ƙarfin murɗawar inji yana ratsa giya kafin ya isa taya, giya kuma tana ninka shi ko ta rage. Saboda haka a kowane gudu, ƙarfin da injin yake bayarwa a lokacin da nauyin motar su ne suke yanke hukunci. Injin dizal mai murɗawa sosai yana jin daɗin tuƙi ne saboda yana ba da ƙarfinsa tun inji bai yi ƙara ba.

Mataki na 7: Kwana da birki

A lissafi v yana ɗauke da alkibla, don haka sauya alkibla ma canjin v ne. Motar da ke zagaya shataletale a kan 36, wato mita 10 a sakan, allurarta ba ta motsi, amma tana da a = v²/r. Idan r, wato tazarar daga tsakiyar da'irar zuwa motar, mita 25 ne, a ya kai 4 m/s², shi ne abin da yake jingina fasinja da ƙofa.

Birki kuwa a ne mai alamar ragi, kuma tazarar tsayawa ita ce v²/(2a). Ɗauki 7 m/s² a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau. Daga 60, wato mita 16.7 a sakan, kana buƙatar kimanin mita 20. Daga 120, mita 79: gudu ya ninka biyu, tazara ta ninka huɗu. Wannan bayan ƙafarka ta sauka a kan birki ke nan. Idan sakan ɗaya ya wuce tsakanin ganin saniya a titi da taka birkin, a kan 120 ka riga ka ci mita 33, jimilla ta haura mita 110. A jiƙaƙƙen titi ko da suɗaɗɗiyar taya, sa 4 a madadin 7 ka sake lissafin: birkin kaɗai zai ci kusan mita 139.