Kurakuran da suka fi gajarta sana'ar ɗan tseren keke, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya kai ga shiga ayarin Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, yana da ƙarfin ƙafa, domin ba a tuka keke kilomita fiye da 3,000 cikin zango 21 da ragwanci. Abin da ke raba wanda zai shekara goma sha biyar yana cin abinci da keke da wanda za a sallama bayan kwantiraginsa na farko shi ne tattalin wannan ƙarfi, wato sanin inda za a kashe shi da inda za a adana shi. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, mai hedikwata a garin Aigle na ƙasar Suwizalan, ta kasa ƙungiyoyin maza gida uku, kuma rukunin sama, wanda ake kira WorldTour, ƙungiyoyi 18 kacal yake ɗauka. Gurbi kaɗan ne, masu nema kuwa suna da yawa, sannan akasarin kwantiragi shekara ɗaya ne zuwa uku. Saboda haka kuskuren da a wata sana'ar za a yafe, a nan yana iya zama sanadin komawa gida.

Kuskuren da matasa suka fi faɗawa ciki tun farko shi ne mayar da kowace ranar atisaye ranar tsere. Yaro ya fita da abokansa, kowane tudu sai an yi rige-rigen hawansa, ya dawo gida a gajiye yana jin cewa ya yi aiki, gobe kuma ya maimaita. Bayan 'yan watanni gudunsa ya tsaya cik, barci ya ƙaurace masa, mura ta riƙa kama shi a kai a kai. Dalili kuwa shi ne jiki yana ginuwa ne a lokacin hutun da ya biyo bayan wahala. Ƙwararru suna tuka fiye da kilomita 25,000 a shekara, amma mafi yawan wannan tafiya a sannu suke yin ta, da gudun da mutum zai iya hira da na kusa da shi ba tare da haki ba, sai su ware kwana biyu ko uku a mako don atisaye mai tsanani. Gyaran ke nan: ranar sauƙi ta zama mai sauƙi da gaske, ranar wuya ta zama mai wuya, a kuma rubuta ranar hutu cikin jadawali kamar yadda ake rubuta ranar aiki. Haka ma kuskure ne komawa fage kafin ciwo ya saki mutum. Mark Cavendish na Birtaniya ya kamu da ƙwayar cutar Epstein-Barr, mai jawo zazzaɓi da kasala, a 2017, ya koma tsere, sai a 2018 gwaji ya nuna cewa ashe da cutar a jikinsa yake ta fama. Shekaru suka tafi masa a haka kafin ya farfaɗo a 2021, har ya kai ga cin zangonsa na 35 a Tour de France a 2024, ya wuce 34 na Eddy Merckx. Shi ya samu ya dawo, amma da yawa ba sa samun wannan dama ta biyu.

Sai batun abinci, wanda a ganina ya fi kowane cin mutane ba tare da sun ankara ba. Abin da jiki ke adanawa na sukari a tsoka da hanta ba ya wuce kimanin minti 90 na aiki mai tsanani, alhali zango ɗaya yakan ɗauki awa huɗu zuwa shida. Wanda ya jira sai ya ji yunwa sannan ya sa hannu a aljihu ya riga ya makara. Abin yakan zo ne farat ɗaya: ƙafafu su yi sanyi, ido ya fara ganin dishi-dishi, mutumin da ɗazu yake jan ayari ya koma yana tangaɗi a gefen titi, kowa na wuce shi. Shi ya sa za ka ga ƙwararre, tun tsere bai yi nisa ba, yana zaro ɗan curin shinkafa da aka naɗe a takardar gwangwani daga aljihun bayan rigarsa, ya ɓare da haƙori, ya tura a baki, ya kora da ruwa, kuma bayan kowane minti ashirin ya sake. A tsakiyar zango akwai wurin karɓar guzuri, inda ma'aikacin ƙungiya ke tsayawa a bakin hanya riƙe da 'yar jaka, ɗan tsere ya fizge ta yana cikin gudu, ya rataya a wuya, ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a aljihu. Ma'aunin da aka daɗe ana bi shi ne giram 60 zuwa 90 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa, yanzu kuma manyan ƙungiyoyi sun kai har giram 120. Sai dai ciki ma sai an horar da shi, don wanda bai saba cin wannan adadi a atisaye ba, in ya gwada ranar tsere, cikinsa ne zai ɓaci.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ƙuntata wa kai ci don a rage nauyi. Gaskiya ne cewa a kan dutse ana auna mutum ne da ƙarfin da yake fitarwa idan aka raba da nauyin jikinsa, kuma kilo ɗaya yana da tasiri a hawa mai tsawo. To amma wanda ya daɗe yana cin abin da bai kai abin da yake ƙonawa ba, ƙashinsa yakan yi rauni, garkuwar jikinsa ta faɗi, ƙarfin da yake neman ƙarawa ya zube. Bai kamata ɗan tsere ya yanke wa kansa nauyin da zai kai ba. Wannan aikin likitan ƙungiya ne da masanin abinci, kuma a hankali ake yin sa, a lokacin da babu manyan gasa.

Kuskure na gaba a cikin tseren kansa yake, wato rashin girmama iska. A kan shimfiɗaɗɗen titi, mafi yawan ƙarfin mai keke yana tafiya ne wajen keta iska, kuma wanda ya lafe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar, na tsakiyar ayari kuwa ya fi haka samun sauƙi. Sabon shiga yakan so a gan shi a gaba, ya yi ta jan ayari ba tare da an sa shi ba, ko kuma tsoron cunkoso ya sa ya maƙale a can ƙarshen layi, inda kowace kwana sai ya taka birki sannan ya sake tada gudu, inda kuma faɗuwar wani ke tare hanya. Idan iska ta buso daga gefe, ayari yakan jeru a karkace daga wannan bakin titi zuwa wancan, wanda bai samu gurbi a jerin farko ba sai ya tsinci kansa shi kaɗai iska na dukansa, cikin minti biyu an yi masa nisa. Gyaran shi ne a koyi zama cikin mutum ashirin ko talatin na gaba, a nazarci taswirar zango da hasashen iska tun da daddare, a san kilomitar da hanya za ta juya.

Ko manya ba su tsira daga kashe ƙarfi a inda bai dace ba. A zango na 11 na Tour de France ta 2022, Tadej Pogačar na Siloveniya yana sanye da rawayar riga, wadda wanda ke kan gaba a gasar yake sawa, kuma shi ya ci gasar a 2020 da 2021. Ƙungiyar Jumbo-Visma ta sa Primož Roglič da Jonas Vingegaard suka riƙa kai masa hari bi da bi a hanyar dutsen Galibier, wannan ya ɓalle, ya bi shi, wancan ya ɓalle, ya sake bi. Da aka iso hawan ƙarshe na Col du Granon, Vingegaard ya tafi, Pogačar ya kasa ɗaga ƙafa, ya rasa kusan minti uku, rigar ta kuɓuce masa, gasar ma ta tafi. Darasin da ke ciki a fili yake: kafin ka bi wanda ya ɓalle, ka tambayi kanka ko shi ne ainihin abokin karawarka, ko kuwa an turo shi ne ya gajiyar da kai.

Akwai kuma ƙin karɓar matsayin mai hidima. A manyan gasa uku, wato Giro d'Italia da Tour de France da Vuelta a España, kowace ƙungiya mutum takwas take shiga da su, kuma galibi ɗaya ake yi wa aiki. Sauran su ne masu tare masa iska, masu komawa motar ƙungiya su cusa gorunan ruwa a cikin riga su kawo gaba, masu ba shi kekensu idan nasa ya yi faci. Matashin da ya saba cin tsere a garinsu yakan ga wannan kamar ƙasƙanci, ya ɓoye ƙarfinsa don ya zo na goma sha biyar da sunansa, shugabannin ƙungiya kuwa suna lura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma amintaccen mai hidima ya fi samun sabon kwantiragi a kan wanda ba ya ci kuma ba ya taimako. Sepp Kuss na Amurka ya shekara da shekaru yana jan wasu a kan duwatsu. A 2023 ya taimaki Roglič ya ci Giro, ya taimaki Vingegaard ya ci Tour, sannan shi da kansa ya ci Vuelta. Haka nan mutum ya san irin jikinsa. Biniam Girmay na Eritiriya bai ɓata lokaci yana neman zama gwanin dogayen duwatsu ba, ya riƙe abin da Allah ya ba shi na gudun ƙarshe, da shi ya ci tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam a 2022, ya kuma ci zango uku da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a Tour de France ta 2024.

Sakaci a kan hanya ba ya buƙatar dogon bayani. Chris Froome, wanda ya ci Tour sau huɗu, yana duba hanya ne kawai kafin a fara wani zango na gasar Dauphiné ta 2019, ya saki hannu ɗaya daga kan keke, iska ta kwashe shi ya daki bango, ƙashin cinyarsa ya karye, kuma bai sake komawa matsayinsa na da ba. Egan Bernal, wanda shi ma ya taɓa cin Tour, ya afka wa motar bas da ke tsaye yana atisaye a Kolombiya a Janairun 2022. Duka biyun ba a cikin tsere suka faru ba. Ido ya zauna a kan titi, a taka birki kafin shiga kwana, kuma hular kwano, wadda UCI ta wajabta bayan rasuwar Andrey Kivilev a gasar Paris-Nice ta 2003, ta zauna a kai ko da fita ce ta rabin awa.

Kuskuren da ba ya gyaruwa bayan an yi shi shi ne na magungunan ƙara kuzari. Tom Simpson ya faɗi ya mutu yana cikin tseren Tour de France a kan dutsen Ventoux ranar 13 ga Yuli 1967, cikin tsananin zafi, da ƙwayar amfetamin a jikinsa, yana da shekara 29. Lance Armstrong ya ci Tour sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, a 2012 aka ƙwace su duka, aka haramta masa wasa har abada. Tun 2008 UCI tana ajiye tarihin jinin kowane ƙwararre, ta yadda ko ba a kama maganin ba, canjin da ya yi wa jini zai tona asiri. Abin da ya fi kama masu niyyar kirki kuwa shi ne rashin sanin ƙa'ida, domin dokar ta ce duk abin da aka samu a jikinka alhakinka ne, ko da saninka ko babu. Alberto Contador ya ce gurɓataccen nama ya ci, duk da haka aka karɓe nasararsa ta Tour ta 2010. Nairo Quintana ya zo na shida a Tour ta 2022, aka soke sakamakonsa saboda tramadol, maganin da UCI ta hana a lokacin gasa tun 2019. Wannan ya kamata matasanmu su ji shi da kyau, ganin yadda wasu masu aikin ƙarfi a garuruwanmu suka ɗauki tramadol tamkar maganin gajiya. Ɗan tsere ba ya shan komai, ko maganin mura ne, ko jiƙo, ko garin ƙarin kuzari da aka saya a kanti, sai likitan ƙungiya ya duba. Sannan dole ya riƙa sanar da hukuma inda yake kowace rana don a iya zuwa gwajin ba-zata, kuma saɓa wannan sau uku cikin wata 12 laifi ne mai hukunci. Michael Rasmussen yana sanye da rawayar riga a Tour ta 2007, saura kwanaki kaɗan a isa Paris inda ake kammala gasar, ƙungiyarsa ta cire shi saboda ya faɗi ƙarya game da inda yake atisaye.

Daga nan sai batun takarda da kuɗi. Ƙungiyoyin keke ba su da filin wasa da za su sayar da tikiti, kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu su ne ke riƙe da su, kuma ranar da kamfani ya janye, ƙungiya na iya rushewa, kamar yadda Qhubeka ta Afirka ta Kudu ta bar rukunin sama a ƙarshen 2021 don rashin mai ɗaukar nauyi. Kuskure ne a sa hannu a kwantiragin da ba a karanta ba, ko a amince da alkawarin baki, ko a jira sai Oktoba sannan a fara neman inda za a koma, lokacin da gurabe sun cike. Ga ɗan Afirka akwai ƙarin cikas: bizar ziyara ta ƙasashen Turai masu iyaka ɗaya kwana 90 take bayarwa cikin kowane kwana 180, alhali kakar tsere tana farawa daga Janairu har Oktoba. Ya kamata tun kafin a sa hannu a rubuta cewa ƙungiya ce za ta nemo takardar zama da izinin aiki. Kafin a kai nan ma, gara matashi ya fara tara sakamako a gasa irin su Tour du Faso da Tour du Rwanda, ko ya nemi gurbi a cibiyar horaswa ta UCI a Aigle, inda Girmay ya bi, da ya yi tsalle zuwa Turai ba tare da kowa ya san shi ba.

Gajiyar zuciya ma tana kawo ƙarshen sana'a kamar yadda karaya ke kawowa, kuma ɓoye ta kuskure ne. Marcel Kittel na Jamus ya ci zango 14 a Tour de France, amma ya ajiye keke a 2019 yana da shekara 31. Tom Dumoulin, wanda ya ci Giro a 2017, ya dakata a farkon 2021, ya dawo, sannan ya yi ritaya a 2022. Watanni ana yawo daga otal zuwa sansanin horo a kan dutse, nesa da iyali, ana auna kowace loma, abu ne mai cin rai. Wanda ya fara jin ƙyamar keken da yake so ya gaya wa mai horar da shi da likita tun da wuri, ya nemi a rage masa gasa, kuma tun yana kan ganiyarsa ya riƙa ajiye wani abu daga albashinsa, ya ci gaba da karatu ko ya koyi aikin horarwa ko gyaran keke, domin mafi yawan masu wannan sana'a suna sauka daga sirdi kafin su cika shekara arba'in.