Yadda ake datse busassun rassan bogenbiliya ba tare da an kashe ta ba

Bogenbiliya ita ce fulawar nan mai ƙaya da ke lulluɓe katangar gidaje da makarantu, ja ko shuɗi-shuɗi ko fara. Asalinta daga Kudancin Amurka take, wajen Birazil, shi ya sa zafin rana bai dame ta ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake sare ta da adda da zarar hunturu ya kaɗe mata ganye, wai ta mutu. Sau da yawa da ranta.

Kafin ka ɗauki ƙarfe, gwada reshen tukuna. Sa farce ka ɗan kankare ɓawon. In ka ga kore mai danshi a ƙarƙashi, bar shi, zai tofo. In kuwa ruwan ƙasa ne a bushe, ka lanƙwasa ya karye ƙas, wannan ya tafi. Bi shi ƙasa-ƙasa kana kankarewa har ka iso inda koren ya fara. Nan ne wurin yanka.

Sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu, don ƙayarta ba ta da wasa. Almakashin lambu mai kaifi ya isa ga siraran rassa. Wanda ya fi babban yatsa kauri sai ƙaramin zarto. Adda tana farfasa itace, ruɓa da gara su sami ƙofa.

Yanka a karkace, kamar rabin santimita sama da idon da ganye ke fitowa, don ruwa ya zame kada ya kwanta a kan ciwon. Ka zaɓi idon da ke kallon waje, sabon reshe zai bi can, tsakiya ta sha iska. Reshen da ya mutu gaba ɗaya a cire shi daga gindinsa, kada a bar kututture. In ka yanki mai cuta, goge almakashin da sifirit kafin ka taɓa na gaba.

Busasshe ko yaushe ana iya cire shi. Babban aski kuwa a jira furen ya zube, gab da faɗuwar damina, kuma kada a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassa masu rai. A sabon tsiro take fure, don haka askin ma alheri ne gare ta.

Bayan nan a tona gindin sama-sama, a zuba ruɓaɓɓen taki kaɗan, ban da ɗanyen kashin kaji, yana ƙona saiwa. A ba ta ruwa ya ratsa sosai, sannan a ƙyale ƙasar ta bushe kafin a sake. Mai shayar da ita kullum safe da yamma ganye zai samu jingim, furen kuwa ɗaiɗai.

Rassan da ka yanke ka tattara su nan take ka ƙone, saboda yara masu yawo ba takalmi.