Darasi na Tara: Idan Kwamfuta ta Rikice Bayan An Sabunta Windows

Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin kwamfutocin da muke gani a shagunan buga takardu, da makarantu, da ofisoshin Kano. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 10 a shekarar 2015, ya fitar da Windows 11 a watan Oktoba na 2021, sannan ranar 14 ga Oktoba 2025 ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Shi ya sa mutane da yawa suka yi ta rububin komawa sabuwar. Wasu sun wanye lafiya. Wasu kuwa tun daga ranar kwamfutarsu ba ta sake zama daidai ba: ana cikin rubutu ta daskare, ko ta mutu ta tashi da kanta, ko allon ya koma shuɗi da rubutun Turanci.

A wannan darasi za mu koyi abin da mai kwamfuta zai yi da hannunsa kafin ya yarda a yi mata fomat, wato a goge komai a sake zubi. Fomat shi ne mataki na ƙarshe, amma a gari an mai da shi na farko.

Me ya sa take mutuwa?

Kowane sashe na kwamfuta, irin su allo, da sauti, da firinta, da abin kama intanet, yana da 'yar ƙaramar manhajarsa da masu gyara ke kira direba. Aikin direba irin na tafinta ne: Windows ta faɗi abin da take so, shi ya isar wa na'urar da yaren da take ji. Idan aka zo da sabuwar Windows alhali direban tsoho ne, sai magana ta sha bamban. Da kuskuren ya yi tsanani, Windows takan tsayar da komai da gangan don kada ajiyarka ta lalace. Wannan tsayawar ce kake gani a shuɗin allo. A sababbin zubin Windows 11 allon baƙi ne, amma saƙon ɗaya ne.

Manhajar kashe bairos ma tana jawo haka, domin tana aiki ne can cikin ƙuryar Windows. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya jefa kwamfutoci wajen miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, har jirage suka kasa tashi a Amurka da wasu ƙasashe. Injinan lafiyarsu ƙalau, fayil guda ne ya tsayar da su.

Ka fara da ido

Idan shuɗin allo ya bayyana, kada ka yi saurin danna makunni. Ɗauko wayarka ka ɗauki hotonsa, domin ba ya daɗewa. A ƙasan allon akwai kalmomi biyu, Stop code, bayansu kuma wasu kalmomi da manyan baƙaƙe. Ba dole ba ne ka iya Turanci. Kwafe su kawai a takarda, harafi bayan harafi. Idan ka ga kalmar DRIVER a ciki, ko wani suna da ya ƙare da .sys, to akasari direba ne. Idan MEMORY_MANAGEMENT ne, a duba ram, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita lokacin da take kunne. Idan INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ne, Windows ce ta kasa kaiwa ga rumbun ajiyar da take zaune a ciki.

A ƙarƙashin wannan rubuta ranar da aka sabunta ta, da abin da kake yi duk lokacin da ta mutu. Kallon bidiyo? Tura takarda firinta? Jona caja?

Daga nan zare duk abin da ke jone da ita: filash, firinta, modem, maus na waje. Bar caja kaɗai. Kunna ta ka yi aiki. Idan ta zauna lafiya, mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka gano wanda ke tayar da rigimar. Sau da yawa tsohuwar firinta ce.

Muddin kwamfutar tana buɗewa, ko da na minti goma ne, kwashe takardunka da hotunanka zuwa filash yanzu, ba gobe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwana goma

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a darasin nan, kuma shi ne mutane suka fi rashin sani. Lokacin da Windows ta sabunta kanta, ba ta zubar da tsohuwar nan take. Takan tattara ta a wata jaka mai suna Windows.old, ta ajiye tsawon kwana 10. A cikin kwanakin nan kana iya mayar da kwamfutarka yadda take, takardunka na nan ba abin da zai taɓa su. Da wa'adin ya cika, ita da kanta za ta share jakar, ƙofa ta rufe.

Ga hanyar a Windows 11. Danna Start, shiga Settings, zaɓi System, sannan Recovery. Za ka ga maɓalli mai suna Go back. Danna shi, ka bi tambayoyin da za ta yi maka. A Windows 10 kuma, cikin Settings za ka zaɓi Update & Security, sannan Recovery.

Kafin ka danna, ka tabbata batir ya cika kuma caja na jone. Idan kwamfutar teburi ce marar batir, kada ka dogara da wutar gari, ka jira sai an tayar da janareta ko ka samu inbata mai caji. Ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki ya fi matsalar farko muni. Ka kuma tuno da kalmar sirrin da kake buɗe tsohuwar Windows da ita, don ita za ta nema. Manhajojin da ka ɗora bayan sabuntawar sai ka sake ɗora su.

Wani abin takaici: mutum ya ga rumbu ya cika, ya hango Windows.old ta cinye wuri mai yawa, ya goge ta don ya samu sarari. Ko kuma ya yi ta haƙuri da kwamfutar yana cewa za ta warware da kanta har mako biyu ya wuce. Gaskiya ne sabuwar Windows takan yi nauyi a rana ta farko da ta biyu, tana jera fayiloli tana sauke ragowar gyare-gyare. Nauyi daban, mutuwa daban. Idan har rana ta uku tana mutuwa, fara lissafin kwanakinka.

Idan ta ƙi buɗewa sam

Kunna ta. Da ka ga tambarin kamfanin ko ɗige-ɗigen nan masu juyawa, danne makunnin har ta mutu. Maimaita haka sau biyu ko uku. A kunnawa ta gaba za ta shiga ɗakin gyaran kanta. Zaɓi Advanced options, sannan Troubleshoot, ka sake zaɓar Advanced options. Idan kuwa tana kaiwa wurin sa kalmar sirri, ba sai ka wahalar da ita haka ba: danne Shift a kibod, ka danna Restart, za ta kai ka wuri ɗaya.

A nan abu biyu za su yi maka amfani. Uninstall Updates yana cire sabuntawar da ta shigo ta ƙarshe. Startup Settings kuma, idan ka danna Restart sannan ka danna lamba 4, zai buɗe kwamfutar a yanayin da ake kira Safe Mode. A wannan yanayi Windows na tashi da direbobin da suka zama dole kaɗai. Rubutu zai iya yin girma, allon ya yi muni, kada ka damu. Idan a nan ta yi aiki ba ta mutu ba, alama ce mai ƙarfi cewa injin lafiya yake, wani direba ne ko wata manhaja. Kwashe ajiyarka tukuna, sannan ka cire manhajar kashe bairos ta waje idan akwai. Windows 10 da 11 suna da tasu a ciki.

Wani lokaci kafin a kai nan sai allo ya nemi mabuɗin BitLocker, wato makullin tsaron da ke kulle rumbun ajiya. Lambobi ne guda 48, kuma yawanci suna cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Idan ɗanka ne ya saita ta da imel ɗinsa, shi za ka nema. Babu mai gyaran da zai ƙago maka su.

Gyaran direba

Danna Start da maɓallin dama na maus, zaɓi Device Manager. Duba ko akwai na'urar da aka yi wa alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Ko babu, buɗe Display adapters, domin direban allo na cikin waɗanda suka fi yawan laifi. Danna sunan sau biyu, shiga Driver, ka danna Roll Back Driver don komawa tsohon. Idan maɓallin ya dusashe ba ya dannuwa, juya laftof ɗin ka karanta lambar samfurinta a ƙasa, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne ko Dell ko Lenovo, ka sauko da direban daga can. Ka guji manhajojin nan da ke alkawarin gyara duk direbobi da dannawa ɗaya. Da yawansu talla ce da ɓarnar data.

Don gwada ram, danna Start ka rubuta mdsched, ka buɗe shi, ka yarda ta sake tashi. Za ta yi gwajin da kanta.

Wata kwamfutar ba ta Windows 11 ba ce

Windows 11 tana bukatar aƙalla ram mai gigabait 4, da rumbu mai gigabait 64, da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. A injinan Intel kuma, galibi sai zubi na takwas zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Ana gane zubin daga lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan injin (daga zubi na goma zuwa sama, lambobi biyu na farko): i5-8250U na takwas ne, i5-6300U na shida. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake saye a gari sun girmi wannan ƙa'ida. HP EliteBook 840 G3, wadda ta cika hannun ɗalibai, zubi na shida ce.

Akwai dabarun tilasta mata karɓar sabuwar, kuma wasu masu sayarwa na yi don kaya ya yi farin jini. Takan yi aiki, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyara ba. A ganina wanda abincinsa ke kan kwamfutar, kamar mai shagon da ke cike wa yara fom ɗin jarrabawa, bai kamata ya kwana a kan irin wannan zubi ba.

Kada kuma mu ɗora wa Windows laifin ƙura. Sabuntawa aiki ne mai nauyi, injin kan yi zafi sosai, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga zafin bazarar Kano da kan haura digiri 40. Kai bayan hannunka gefen da iska ke fita. Idan fanka na ihu amma iskar da ke fitowa ba ta taka kara ta karya ba, ko kuma kwamfutar na mutuwa ɗif ba tare da shuɗin allo ba, to hura take bukata. A daina ɗora ta a kan katifa ko filo.

A wurin mai gyara

Idan duk wannan bai yi ba, ɗauki takardarka ka nufi mai gyara, a Farm Centre ko Beirut Road ko na unguwarku. Karanta wannan hira, ka lura da yadda mai kwamfutar ta tsaya a kan maganarta.

"Sannu da aiki, Malam. Kwamfutata ce take mutuwa tun da aka sabunta ta."

"Yawwa Hajiya, sannu da zuwa. Ai fomat za a yi mata, yanzu ta dawo sabuwa."

"A'a, dakata tukuna. Yau kwana shida ke nan, ba ta cika goma ba. Ga abin da allon ya rubuta na kwafo maka. A fara gwada mayar da ita tsohuwar."

"To, in kuma ta ƙi fa, Hajiya?"

"Sai ka kwashe min takarduna a wannan filash ɗin, in buɗe su in gani da idona. Bayan nan ka yi abin da ya kamata."

Ko an kai ga sake zubi, a cikin Recovery akwai Reset this PC, kuma zaɓinsa biyu ne. Keep my files yana barin takardunka ya cire manhajoji. Remove everything yana share komai. Ka tambayi wanne za a danna kafin a danna.

Aikin yi

1. Kwana nawa Windows ke ajiye tsohuwar bayan an sabunta ta, kuma mene ne sunan jakar?
2. Kwafi wannan a littafinka ba tare da kuskure ba: CRITICAL_PROCESS_DIED.
3. Wani ya sabunta kwamfutarsa ranar 25 ga Afrilu. Zuwa wace rana ce zai iya komawa tsohuwar?
4. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama mai gyara, ɗaya mai kwamfuta, ku yi hirar da ke sama da kalmominku.
5. Kafin zama na gaba, duba ƙasan laftof ɗin gidanku ko ta ajinku, ka rubuto sunan kamfanin da lambar samfurinta.