Kafin littafin ya iso hannu: kurakuran da ƙungiyoyin karatu suke maimaitawa a Damagaram

Tun da labari ya bazu cewa wata ɗiyar garin nan ta kusa fitar da littafinta na farko, labarin wasu abokai da suka gama jami'a rayuwa ta watsa su, ƙungiyoyin karatu na WhatsApp suka farka daga barci. An saka ni a cikin sababbi da dama ba tare da an tambaye ni ba, kuma abin da nake gani ya ishe ni. Kurakuran da muka yi shekarun baya su ne ƙannenmu suke yi yau. Abin da zan faɗa nan al'adata ce, ban ce kowa ya yarda da ita ba, amma na biya kuɗinta.

Na farko shi ne tara kuɗi kafin a ga littafi. Da an ji "ya kusa fitowa" sai wani mai zafin nama ya ce kowa ya kawo jikka biyu, a yi odar kwafi talatin tun yanzu don a samu sauƙi. Cinikin biri a sama ke nan. Marubucin da bai taɓa buga littafi ba bai san ranar da littafinsa zai fito ba, ko ya rantse. Ba ƙarya yake yi ba. Bai san cewa mai gyara zai riƙe rubutun wata biyu ba, bai san farashin takarda zai iya tashi tsakanin ranar ciniki da ranar bugu ba, bai san mai injin zai ajiye aikinsa ya kama fastocin ƴan siyasa ko takardun jarrabawa da suka fi kawo kuɗi ba. Sannan ku tuna inda muke. Yawancin littattafan Hausa da muke karantawa a Kano ake buga su, tsakaninmu da su akwai iyaka, akwai kuma canjin sefa da naira.

A 2019 ni ne ma'ajin ƙungiyarmu. Muka tara kuɗi saboda wani littafi, na canza su naira, na damƙa wa wani mai zirga-zirga ta hanyar Magarya. A watan Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020, a tsakani ga korona. Mutumin bai gudu ba, amma kullum da sabon uzuri, kuma lokacin da ya dawo da abin da ya dawo da shi, nairar ba ta kai sefar da aka ba ni ba. Daga aljihuna na cike. Cikon bai dame ni kamar kallon da ake yi mini a fada, wurin zaman hirarmu, ba, kallon "Malam ma'aji, ina labari?" da murmushi a gefen baki. Akwai wanda muka yi lakkwal, wato makaranta, tare tun muna yara, har yau gaisuwarmu daga nesa ce. A 2023 iyakar ta sake rufuwa, na ga wata ƙungiya ta faɗa ramin nan dai, kamar ba su taɓa jin labarinmu ba.

Abin da nake yi yanzu: ana rubuta sunayen masu so, ba a karɓar ko dala. Sai wani da na sani ya riƙe littafin a hannunsa, ya ɗauko hoton bangon da shafin ƙarshe, sannan a tara kuɗi cikin kwana uku, mutum biyu su riƙe lissafi, a saka shi a bainar kowa. In kuna son taimakon marubuciya da kuɗin bugu, ku kira shi gudummawa tun farko, kowa ya san ya bayar ne don Allah. Kada ku haɗa gudummawa da ciniki a tukunya ɗaya.

Akwai masu yi wa littafi kirari tun ba su ga shafin farko ba. "Wannan zai girgiza adabin Hausa." Da me kuka sani? Littafin farko littafin farko ne, za a sami babin da ya yi ja, za a sami ƙarshen da aka yi gaggawarsa. Kun ɗora wa yarinya kayan da ba ta ce za ta ɗauka ba, ranar da kuka karanta kuma ku ne farkon masu cewa ta ba ku kunya.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, kuma irin wannan littafin ne yake jawo shi: farautar mutanen gaske a cikin labari. Damagaram babban gari ne amma na masu boko ƙarami ne. Jami'ar da yanzu take ɗauke da sunan André Salifou a 2010 aka kafa ta, waɗanda suka fita daga cikinta kusan duk sun san juna, waɗanda suka yi karatu a Yamai ma a mota ɗaya suke dawowa hutu. To a ce labari ya ƙunshi abokai huɗu da suka karɓi lisans, wato digirin farko, rana ɗaya. Ɗaya ya samu aiki da ƙungiyar agaji ya koma Yamai ya daina ɗaukar waya. Ɗaya malamin kontiragi ne a wani ƙauye bayan Tanut. Ɗaya ta yi aure an hana ta aiki. Ɗaya ya gama sabis sibik, wato bautar ƙasa, na shekara biyu ya dawo gida yana kabu-kabu, yana rufe fuska da rawani kada tsofaffin abokai su gane shi. Wa ke cikin ƙungiyarku da ba zai ga kansa ko maƙwabcinsa a nan ba?

Daga nan sai a bar littafi a koma gulma. "Wallahi wannan wane ne, har irin tafiyarsa." "Ai wannan matar ƴar Birni ce, na san gidansu." Haba jama'a! Karatu kuka zo yi ko tonon asiri? Na zauna a wata tattaunawa inda wani ya ce, yana dariya, ɗan labarin da ya ci bashin abokinsa ya shiga da shi neman aure ai kowa ya san ko wane ne. Wanda yake nufi yana cikin ƙungiyar, yana karantawa. Bai ce uffan ba, ya fita a daren, wasu huɗu suka bi shi, kuma abin ya kai har ga iyayensu mata a gidan suna. Ƙungiyar da na yi shekaru ina lallaɓawa ta mutu a kan magana ɗaya, ni kuma da na kira zaman aka bar ni da zuwa gida gida ban haƙuri. Marubucin littafin da muka karanta a lokacin kuwa ɗan wata ƙasa ne, bai taɓa taka Damagaram ba.

Kuma ba mai nuna yatsa kaɗai ke da laifi ba. Akwai mai fakewa da sharhi ya yi habaici: "Ni dai na tsani mutanen da in sun samu wuri suke manta waɗanda suka ci garin kwaki tare." Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. In kana da magana da abokinka da ya samu aiki a matatar mai ya daina zuwa fada, ka san ƙofar gidansu, je ka same shi. Kada ka ari bakin ɗan labari ka ci masa albasa a gaban mutum sittin.

Dokata a nan ba ta da sassauci. Kafin a buɗe littafin nake faɗa: ba a kiran sunan mutum mai rai, ba a cewa "kamar wani da na sani". Wanda ya yi, ana goge saƙonsa, in kira shi a waya mu yi magana ta fahimta. In ya sake, ya huta har a gama littafin. Kuma nakan shirya tambayoyin da za su riƙe mutane a cikin shafi: me marubuciya ta nuna mana kafin wannan abota ta tsinke, a wane babi aka fara ganin alamar, wa aka bai wa bakin ba da labari kuma me hakan ya ɓoye mana? Mai son ya ba da labarin kansa, bismilla, nasa ne. Na wani kuwa ba nasa ba ne.

Kusa da wannan akwai saka marubuciya a cikin ƙungiya tun ranar farko. Ana ganin karramawa ce. Abin da yake faruwa shi ne kowa ya koma "Masha Allah, Anti, Allah ya ƙara basira", ba mai iya cewa babi na bakwai bai yi ba. Ko kuma wani marar kunya ya tsare ta da tambayar ko ita ce yarinyar da saurayi ya yaudara a labarin. Ni sai mun gama namu tsakaninmu nake gayyatar marubuci, zama ɗaya, da tambayoyin da aka tace.

Maganar PDF gajeriya ce. Wanda ya saya ya watsa wa ƙungiya ya ci haƙƙin mai shi, ko da ya rubuta "don Allah kada a fitar" a ƙasa. In kuɗi ne babu, mutum uku su haɗa su sayi kwafi ɗaya na takarda su yi karɓa-karɓa. Haka muka yi karatu a garin nan tun kafin waya, musamman bayan da aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Janairun 2015 masu aron littafi suka shiga wani hali.

Sauran ƙanana ne, amma suna kashe ƙungiya a hankali. Mai karatun dare ɗaya da zai wayi gari ya rubuta "Allah sarki, ashe mutuwa zai yi": a yanka babi nawa za a karanta a mako, wanda ya wuce ya riƙe bakinsa. Saƙon murya na minti tara, rabinsa gaisuwa da kukan awaki: minti biyu ya isa, ba kowa ke da kuɗin intanet ba. Shugabanni bakwai a ƙungiyar mutum ashirin: biyu sun wadatar. Tallan turare da atamfa a tsakiyar muhawara: a ware musu ranar Juma'a. Sa ranar tattaunawa a goman ƙarshe na azumi, ko a watan Yuni da malamai ke fama da jarrabawa: ba wanda zai zo, kuma za ku ce mutane ba sa son karatu.

Sai masu jan biro. Za su bar labari gaba ɗaya su tsaya kan cewa an rubuta 'y maimakon ƴ, ko an ce makaranta a inda mu muke cewa lakkwal, ko kuma akasin haka, ɗan labari ya jefa kalmar Faransanci sun ce an ɓata Hausa. Ɗan jami'ar Damagaram da yake hira da abokinsa haka yake magana, kun sani, ku ma haka kuke yi. Ƙa'idar rubutu ta Nijar da ta Najeriya sun ɗan bambanta, kuma in a Kano aka buga littafi mai gyara zai bi tasu. Kuskuren bugu na gaske a tattara shi a takarda ɗaya, da lambar shafi, a miƙa wa marubuciya a keɓe don bugu na biyu.

Abu na ƙarshe da nake yi, wanda wasu suke cewa tsohon yayi ne: ko da duk karatun a waya aka yi shi, zaman rufewa ido da ido nake so. Bayan la'asar, a tsakar gidan wani a Zango ko Sabon Gari, tabarmar mata daban in haka suka fi so, a ɗora shayi, kowa ya zo da shafi ɗaya da zai karanta da ƙarfi ya faɗi dalilin zaɓensa. Waɗanda ke Yamai ko Agadas a kira su a waya a ajiye ta a tsakiya. Kuɗin sukari da gawayi kuma a karɓe shi a ranar, a wurin, kada wani ya ce zai riƙe wa ƙungiya asusu.